Tambayoyi ukun da kowa ke gogewa ya yi shiru: labarin wata ɗalibar digiri na uku

Asalin lamarin

Wannan labarin wata ɗaliba ce da ta yi digiri na uku a fannin gudanarwa, ba zan faɗi sunanta ba balle na jami'ar, ni dai abin da ya haɗa ni da ita shi ne aikina na taimaka wa ɗalibai da lissafin data, to duk wanda SPSS, manhajar lissafin data, ya ƙi masa a sashen nan ƙarshenta teburina yake zuwa. Bincikenta a kan ma'aikatan masana'antu ne, tana so ta gano ko goyon bayan da shugaba na kusa yake bai wa ma'aikaci yana ƙara masa shaƙuwa da wurin aiki, kuma ko wannan shaƙuwar na rage fashin zuwa aiki. Tambaya ce da aka sha yi a wasu ƙasashe, ita kuma so take ta gwada a kan leburori waɗanda akasarinsu ba sa karanta Turanci sosai.

Don auna shaƙuwar sai ta ɗauki ma'aunin da kusan kowa ke ɗauka, na Meyer da Allen da Smith wanda ya fito a 1993. Ɓangaren da ya shafi shaƙuwar zuci jimloli 6 ne, kuma 3 daga ciki jimlolin korewa ne, wato irin wanda ake cewa "ba na jin kaza game da wurin aikina" maimakon "ina jin kaza". Da gangan masu ma'aunin suka yi haka, saboda akwai mutanen da duk abin da ka ajiye musu a takarda "na yarda" za su zaɓa, to idan aka juya wasu jimlolin sai mai irin wannan halin ya tona kansa. A wajen lissafi sai a juya makin waɗannan ukun kafin a haɗa.

Wata na 1 zuwa na 6: zagayen farko

Ta bi ƙa'idar fassara yadda aka koyar da ita, wato dabarar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya fassara daga Turanci zuwa harshen ma'aikatan, wani daban wanda bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci, sai a gwada biyun. An gwada, sun yi daidai, malamin da ke duba aikinta ya sa hannu.

An buga takardar tambayoyi 400 aka raba a masana'antu 4. Da yake ba a barin baƙo ya shiga ɗakin injina, sai ta bai wa shugabannin sassa su raba wa mutanensu su kuma karɓo mata. Guda 312 suka dawo a cike. Duk abubuwa ukun, goyon bayan shugaba da shaƙuwa da yawan fashi, a takarda ɗaya aka tambaya, kowane ma'aikaci shi ya amsa duka, a zama ɗaya.

Ranar da ta kawo min data muka juya makin jimlolin korewar muka lissafa alfa na Cronbach, ma'aunin nan da ake duba ko tambayoyi suna tafiya tare, sai ya ba mu 0.52, wanda ya yi ƙasa sosai. Na ce mata wataƙila an yi kuskure wajen shigarwa ko wajen juyawa, don sau da yawa abin da ke faruwa ke nan. Muka ɗauko takardu 30 daga cikin kwali muka bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kwamfuta, babu kuskure. Da muka sa manhaja ta rarraba tambayoyin rukuni-rukuni gwargwadon yadda amsoshinsu ke tafiya tare, sai shida ɗin suka rabu gida biyu cif, masu "ina jin" a gefe, masu "ba na jin" a gefe, alhali abu ɗaya ake cewa suna aunawa.

Wata na 7 zuwa na 10: gogewa

SPSS na da wani layi da yake nuna maka nawa alfa zai koma in ka cire tambaya kaza, kuma duk ɗalibin da ya taɓa shiga matsi ya san layin nan. Da aka cire ukun nan alfa ya tashi zuwa 0.81. Malaminta ya ce ai shi ke nan an wuce 0.70 ɗin da ake ɗauka a matsayin makin tsallakewa, ta cire ta ci gaba, lokaci na ƙurewa. Ni ma a lokacin ban musa ba, haka na ga ana yi.

Da tambayoyi 3 da suka rage, alaƙar goyon bayan shugaba da shaƙuwa ta fito 0.58 a ma'aunin da 1 ne ƙololuwarsa, abin sha'awa. Don kare kanta daga zargin cewa alaƙar ta kumbura ne don mutum ɗaya ke amsa duka abubuwan a takarda ɗaya, ta yi gwajin nan na Harman, mai duba ko rukuni ɗaya ne ya mamaye duka amsoshin, rukuni na farko ya ɗauki kashi 31 cikin 100, ƙasa da 50 ɗin da ake yawan kafa hujja da shi, ta rubuta cewa babu matsala. Jami'ar na buƙatar ɗalibi ya buga maƙala kafin ya kare kundi, to sai ta tsamo maƙala daga babi na huɗu ta aika wata mujalla.

Bayan makonni 11 amsa ta dawo, an ƙi karɓa. Mai bita na farko layi huɗu ya rubuta. Na biyun kuwa shafi uku, kuma ko taɓa sakamakon bai yi ba, duk a kan hanyar binciken ya tsaya. Ya ce an yanke rabin ma'auni ba tare da an faɗi dalili ba, don haka ba a san ko abin da ya rage yana auna abin da asalin ke aunawa ba. Ya ce Podsakoff da abokan aikinsa tun 2003 a Journal of Applied Psychology sun bayyana cewa gwajin Harman ba ya gyara komai kuma ba shi da kaifin gano matsalar, maganin da suka fi ba da ƙarfi a kai tun wajen tsara bincike yake: a samo amsoshi daga majiyoyi daban, a raba lokacin tambaya, a tabbatar wa mai amsa ba za a gane shi ba. Sannan ya tura ta ga wata maƙala ta Lance da Butts da Michels ta 2006, waɗanda suka koma suka duba abin da Nunnally, masanin harkar ma'auni, ya rubuta a 1978 game da 0.70 ɗin nan da kowa ke jingina masa, ashe mutumin cewa ya yi 0.70 ya isa a matakin farko-farkon bincike, ya ambaci 0.80 ga bincike na asali, da 0.90 ko sama idan za a yanke hukunci a kan mutane da makin.

Ta yi kwana biyu ba ta leƙo sashen ba. Da ta dawo ta zo da maƙalun a buge, ta ja layi a kusan kowane shafi.

Wata na 11: ɗakin ajiyar kundaye

A cikin abin da ta karanta akwai aikin Schmitt da Stults na 1985, inda suka nuna cewa idan kashi 10 cikin 100 kawai na masu amsa ba su lura an juya jimla ba, hakan ya isa ya haifar da rukuni na ƙarya wanda jimlolin korewa ne zalla a cikinsa. Daidai abin da muka gani a allon kwamfutata. Sai ta fara tunanin ai ba ita ce ta farko da ta yi amfani da ma'aunin nan a sashen ba, to su na baya ya suka yi?

Ta shiga laburare ta yi kwana 4 tana buɗe tsofaffin kundaye. Ta samu 5 da suka yi amfani da ma'aunin a fassare. A guda 4 daga ciki, babi na uku ya ce tambayoyi 6 ne, amma jadawalin babi na huɗu ya nuna 3 ko 4, kuma da ta bi lambobin tambayoyin sai ta ga waɗanda suka ɓace su ne dai masu korewar. Babu ɗaya da ya yi bayani a cikin rubutu. Ɗaya ne kawai ya sa layi guda a rataye cewa an cire wasu tambayoyi don inganta ma'auni. Na biyar ɗin ya bar duka 6 ya rubuta alfa mai kyau, ta duba ratayensa sai ta ga shi ya juya jimlolin ne tun a wajen fassara ya mayar da su "ina jin", shi ma bai faɗa ba.

Biyu daga cikin masu kundayen yanzu malamai ne a sashen. Ta samu ɗaya a ofis ta ce, "Malam, a aikinka na ga tambaya ta uku zuwa ta biyar ba sa cikin jadawali." Ya yi dariya ya ce mata ai kowa ya san waɗannan ba sa aiki, shi ma wanda ya riga shi ne ya gaya masa a baki. Ita dai ba wanda ya gaya mata, kuma ba inda aka rubuta.

Wata na 12 da na 13: zama da ma'aikatan

Abin da ta yi daga nan ba a cikin tsarin kundinta yake ba, sai da ta nemi izini. Akwai wata dabara da masu binciken jin ra'ayin jama'a suka bunƙasa tun shekarun 1980, inda za ka zauna da mutum ka ba shi takardar ya riƙa cikewa yana faɗin abin da ke zuwa masa a rai da baki, kai kuma kana tambayarsa me ya fahimta da kalma kaza, me ya sa ya zaɓi wannan amsar. Ta yi haka da ma'aikata 14, a wajen masana'anta, bayan an tashi aiki, kowane kamar minti 40. Na raka ta sau biyu ina riƙe mata na'urar naɗar murya.

Wani dattijo mai kula da injin yanka ya karanta jimlar nan mai cewa ba ya jin zuciyarsa na haɗe da wurin aikin, ya ɗago ya ce shi fa yana son wurin, shekarunsa da yawa a ciki. Ta ce to ya zaɓi amsa. Ya duba layin, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", ya ɗora biro a kan "na yarda ƙwarai", ya tsaya, ya ɗaga, ya sake karantawa a hankali yana bin kalmomin da yatsa, sannan ya tambaye ta, "'Yata, in na ce ban yarda ba, ina son wurin ke nan ko ba na so?" Korewa biyu ne suka haɗu masa, ta cikin jimlar da ta cikin amsar. A nan yana da lokaci ya tambaya. A zagayen farko a tsaye ya cike takardar lokacin hutun rabin awa.

Mutum 6 cikin 14 sun yi irin wannan tuntuɓen. Wasu 3 sun fahimci jimlar sarai amma sun ce a karon farko tsakiya suka zaɓa a duk jimlar da ta yi kama da kushe kamfani, tunda shugabansu ne ya miƙo takardar kuma shi zai karɓa.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Ɗaya daga cikin jimlolin tana magana ne a kan ko mutum na jin kansa kamar ɗan gida a wurin aiki, a Turancin kalmar iyali ce aka yi amfani da ita a matsayin kwatance. Mai fassara ya sa kalmar da a harshen ma'aikatan ba ta da wata ma'ana sai dangin jini. Da aka mayar da ita Turanci ta koma kalmar asali daidai, shi ya sa ta tsallake gwajin fassara lafiya lau. Su kuwa ma'aikatan abin da suka ji ana tambayarsu shi ne ko suna da dangantaka da mai kamfanin, kuma gaskiya suka faɗa, ba su da ita.

Wata na 14 zuwa na 18: zagaye na biyu

Malaminta bai so ba da farko, ya ce kuɗin tallafi ya ƙare kuma za ta rasa zangon kare kundi, dukansu kuma gaskiya ne. Daga baya ya amince da sharaɗin masana'antu 2 kawai.

Ta sake rubuta jimlolin uku ba tare da korewa ba, ta canza kalmar dangin da wata mai nufin mutum ya saba da wuri har ana lissafa shi a cikin mutanen wurin. Ba ta jefar da tsohuwar takardar ba, buga duka biyun ta yi ta cakuɗa su yadda ba wanda ya zaɓi wadda za ta faɗo hannunsa, don a iya gane ko sauyin kalmomin ne ya yi aiki ko wani abu daban. Ita ta raba da hannunta a bakin ƙofa, kowa ya mayar a ambulan a rufe cikin akwati. Tunda cire korewar ya buɗe ƙofa ga masu "na yarda" a komai, sai ta sa tambaya ɗaya a tsakiya mai cewa a wannan layin a zaɓi amsa ta biyu, irin wadda Meade da Craig suka ba da shawara a 2012 don kama masu cikewa ido rufe. An tambayi goyon bayan shugaba a ranar farko, shaƙuwa kuma bayan makonni 4, aka haɗa takardun biyu da lambar sirri. Fashin aiki kuma ba a tambayi kowa ba, daga rajistar ofishin ma'aikata aka ɗauko da izinin masu amsar.

Mutum 186 suka cike duka biyun, an cire 15 da suka faɗi tambayar tarkon, saura 171. Masu tsohuwar takarda alfa ya ba da 0.61, kuma har yanzu tambayoyin sun rabu gida biyu. Masu sabuwa 0.84, rukuni ɗaya, da duka tambayoyi 6. Alaƙar goyon bayan shugaba da shaƙuwa ta sauko daga 0.58 zuwa 0.34. Alaƙar shaƙuwa da fashi, wadda ta yi ƙarfi lokacin da mutane ke faɗin fashinsu da bakinsu, ta zama 'yar kaɗan da aka gwada da rajista.

Ta kare kundinta da jinkirin watanni 9.

Wata na 19 zuwa na 32: bugawa

Maƙala biyu ta fitar. Ta farko ita ce ta sakamakon, wadda kowa ya sa ran gani. Ta biyu a kan ma'aunin kansa ce: yadda jimlolin korewar suka lalace a fassara, abin da mutum 14 ɗin nan suka faɗa, gwajin tsohuwa da sabuwa, da cikakken rubutun duka biyun. A kan ta biyun aka yi ta ja-in-ja. Wani babban malami a sashen ya ce wannan ai gyaran fom ne ba bincike ba, kuma tona asirin na baya ne. Ta cire duk wani abu da zai sa a gane kundayen, ta bar adadinsu kawai.

A nan na gane ra'ayin malamin nan tsoho ne a fannin. Academy of Management, ƙungiyar masana gudanarwa, tun 1936 aka kafa ta, amma mujallar da ta keɓanta da dabarun bincike a fannin, Organizational Research Methods, sai a 1998 ta fara fitowa, Larry Williams ne editanta na farko, da goyon bayan sashen dabarun bincike na ƙungiyar. Maƙalar da ta warware zancen 0.70 a can ta fito, haka ta Gioia da Corley da Hamilton ta 2013 da masu bincike ta hanyar hira ke yawan dogaro da ita. Kuma a 2016 editocin Strategic Management Journal suka sanar cewa za su riƙa karɓar aikin maimaita binciken wasu, shekara ɗaya bayan wani babban aikin haɗin gwiwa da aka buga a mujallar Science ya sake gwada bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam aka samu 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Mujallar farko da ta aika wa, wadda ba zan ambata ba, edita ya mayar cikin kwana 10 ba tare da ya tura wa masu bita ba, ya ce harshe ɗaya ne da masana'antu biyu, kuma ba sabuwar dabara aka ƙirƙiro ba. Ta biyu, ƙarama, ta karɓa bayan gyara sau biyu a cikin watanni 11. Masu bitar sun sa ta ƙara gwajin da ke duba ko ma'auni na aiki iri ɗaya a rukunoni biyu, wanda Vandenberg da Lance suka tsara matakansa a 2000, tsakanin ma'aikatan ofis da suka cike da Turanci da leburorin da suka cike da fassara. Tambayoyi 5 sun tsallake, ɗaya ba ta tsallake gaba ɗaya ba, ta rubuta haka. Sun kuma sa ta ajiye data ɗin, bayan an goge duk alamar da za ta nuna mutum, a Open Science Framework, wani shafin intanet da masu bincike ke ajiye data don kowa ya gani.

Bayan bugawa

Maƙalar ba ta yi wani tashe ba. Abin da na gani da idona shi ne ɗalibai biyu da suka zo bayanta sun ɗauki sabuwar fassarar kai tsaye, ba wanda ya zo teburina da 0.5. Sashen kuma ya sa doka cewa duk wanda ya cire tambaya daga ma'auni sai ya rubuta wacce da dalili a babi na uku. Sannan wani ɗalibi daga wata jami'a ya aiko mata imel cewa ya yi amfani da fassararta a kan ma'aikatan wucin gadi, kuma jimlar da ke zancen ƙare rayuwar aiki a wurin ba ta yi musu ma'ana ba tunda kwantiraginsu na watanni ne.

Yadda nake kallon abin

Gogewar ba ta yi aiki ba saboda lambar kawai ta gyara, an gudu daga gara an faɗa gidan zago, alfa ya yi kyau amma ba wanda ya san me ya lalata tambayoyin, kuma 0.58 ɗin da aka samu wani ɓangarensa kumfa ce ta tambayar mutum ɗaya komai a zama ɗaya. Ban ce duk saukowar zuwa 0.34 daga nan ta zo ba, masana'antun sun ragu, watanni sun shuɗe, kuma akwai masana irin Paul Spector da ya rubuta a 2006 cewa ana zuzuta wannan matsalar fiye da kima. Abin da gwajinta ya tabbatar da kyau shi ne na kalmomin, don nan ne kaɗai aka cakuɗa takardu, kuma tazarar 0.61 da 0.84 a rana ɗaya a ƙofa ɗaya ta fito.

Laifina a ciki shi ne na san layin nan na SPSS fiye da yadda na san maƙalar 1985, kuma da na san ta da tun a wata na 6 za mu nufi wajen ma'aikatan. Duk abin da ya fitar da ita, daga Schmitt da Stults har zuwa tambayar tarko, wani ne ya zauna ya rubuta matsalar da ya ci karo da ita ya buga, ba don ya gano wani abu game da shugabanci ko riba ba. Mutum 5 kuma a sashenta sun ci karo da tata matsalar kafin ita, ilimin yana nan amma a baki yake yawo, wanda ya samu mai gaya masa ya tsira, ita ba ta samu ba ta biya da watanni 9. Ban ɗora wa waɗancan laifi sosai ba, kwamitin ƙarin girma sakamako yake ƙirgawa, kuma ba ɗalibin da ke son ya rubuta da hannunsa cewa rabin ma'auninsa ya mutu ana saura wata biyu ya tsaya gaban masu jarrabawa.

Ɗalibin ma'aikatan wucin gadin ya tambaye ta ko ya cire jimlar kawai. Ta tura masa jerin tambayoyin da ta yi wa mutum 14 ɗin nan, ta ce ya fara zama da goma tukuna, kuma yanzu su biyun suna rubuta maƙala ta gaba tare.